Yadda Ya'ƙub Mai Agashe Ya Yi Kishi da Bakinsa

Idan rana ta karkata a unguwar Hayyin Ashir ta birnin Alƙahira, hayaƙin Ya'ƙub ne ke riga ladan sanar da la'asar. Yakan taso daga lungun da ke bayan tashar ƙananan motoci, ya bi ta kan shanyar da ke rataye a barandu, ya shiga ɗakunan ɗalibai ya same su a kan littafi, ya tuna musu da gida. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ne da citta da kitsen da ya ɗiga a garwashi. Mutanen Sudan suna kiran naman agashe. 'Yan Najeriya kuwa da sun gani sai su ce ai tsire ne, shi kuma ya ce musu, “Tsirenku bai yi tafiya ba. Nawa ya taka tun daga Sakkwato har bakin Nilu.”

A Mai Wurno aka haife shi, a gaɓar Shuɗin Nilu. Kakansa na cikin waɗanda suka baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a hanya, aka yi gona, aka yi aure, niyya ta zama gari. Hausar Ya'ƙub irin ta tsofaffi ce, mai nauyi, an yayyafa mata Larabcin Sudan. Ya koyi gashi a hannun kawunsa a Wad Madani, ya yi shekaru a Omdurman, sannan ya biyo jirgin ruwa daga Halfa zuwa Aswan da shirin wucewa gaba. Shi ma niyyarsa ta zama gari. Lokacin da na san shi gemunsa ya yi fari fat, matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna aure a Sudan. Abin da ya mallaka a Alƙahira bai wuce murhu da benci biyu da farar jallabiyar da ba ta rabuwa da tabon mai ba.

Amma yana da sana'a ta biyu wadda ba ya karɓar ko sisi a kanta, kuma ita ya fi so. Baƙo a Masar ba ya kai ƙara ofishin 'yan sanda, domin kafin a tambaye shi abin da aka yi masa za a tambaye shi takardar zama. Bayan juyin da aka yi a farkon shekarar 2011 kuwa, 'yan sandan ma sai da suka yi wuyar gani a titi. Saboda haka duk rigimar da ta tashi tsakanin ɗalibanmu, ko tsakanin Hausawan Sudan masu kasa kaya a gefen hanya, bakin murhun Ya'ƙub take ƙarewa. Wa zai gaji ɗaki mai baranda idan mai shi ya gama karatu ya koma gida? Firijin da aka tarar a gida, na wanda ya gyara shi ne ko na gidan? Wanda ya kawo baƙo ya kwana wata guda, zai ɗauki girkin baƙon ko a raba? Ƙananan abubuwa ne, amma a ƙasar da ba taka ba ƙaramin abu shi ke hana barci.

Yakan saurari kowa har ya gama, ba ya katse mutum. Daga nan sai ya yi shiru. Wannan shirun shi ne dukiyarsa. Masu rigima su zuba masa ido, 'yan kallo su daina tauna, har ƙarar motocin tasha sai ka ji kamar ta ja baya. Babu wanda ya san ina zai faɗi. Sai ya goge hannu a jallabiya, ya faɗi magana gajera, mutane su ce, “Khalas, Baba ya yanke.” Wanda ya ci da wanda aka ci su ci nama a takarda ɗaya, a watse.

A ƙarshen shekarar juyin nan Abdurrahim ya zo. Bazazzage ne, dogo, mai tabarau, ya karanta lauya a gida har ya ɗan taɓa aiki a kotunan Kaduna, sannan ya zo Azhar ƙaro ilimin usulul fiƙhu. Ɗalibai suka sa masa Barista. Ya ɗauki bencin Ya'ƙub wurin hutawarsa, kullum da yamma yana nan, yana ci yana kasa kunne.

Wata rana aka kawo rigimar fanka. Ya'ƙub ya yanke, ya ƙara da cewa, “Haka na gaya wa su Kamilu bara, haka zan gaya muku.” Da aka watse sai Abdurrahim ya yi dariya.

“Baba, ka san abin da kake yi a bakin murhun nan suna gare shi a makaranta?”

“Na sani mana. Gashi.”

“A'a, ɗaya aikin. Ka ga dokar da muka gada daga Turawan Ingila, wadda ake ce wa ta gama-gari? Ba majalisa ce ta zauna ta rubuta ta ba. A da can kowane gari nasu da al'adarsa. Sai sarkinsu ya riƙa tura alƙalai suna zagaya ƙasa suna shari'a, in sun dawo su kwatanta abin da kowa ya yanke. A hankali hukuncin da aka yi a wannan gari ya zama shi ake yi a wancan, har ƙasar duka ta koma kan abu ɗaya. Nan Masar in ka je kotu, alƙali kundin doka zai buɗe ya nemi lamba kaza. Mu can, ko da akwai rubutacciyar doka, lauya sai ya ɗebo shari'o'in da suka gabata, wane da wane, ga abin da aka yanke. In ta yau ta yi kama da ta jiya, dole ƙaramar kotu ta bi sawun babba.”

“Ko alƙalin farkon ya mutu?”

“Ko ƙasusuwansa sun zama ƙasa. Sai dai ba duk abin da ya faɗa ake bi ba. Alƙali na iya kawo misali, ya yi wa mai laifi faɗa, ya yi hira a gefe. Abin da ke ɗaure na baya shi ne dalilin da hukuncin ya tsaya a kansa.”

Ya'ƙub ya ɗaga tsinke ɗaya ya duba. “Tsinken ke nan, ba yajin ba.”

“Wallahi Baba, malaminmu bai faɗe ta da kyau haka ba.”

Ranar Ya'ƙub ya ji daɗi har ya ƙara masa nama. Ya ce ai Turawan da suka mulke ku su suka mulke mu, ashe abin da suka ɓoye a cikin gashin dokin da suke kifawa a ka bai wuce abin da nake yi da hannu mai maiƙo ba.

Daga nan Abdurrahim ya kama wani abu da shi a ganinsa girmamawa ce. Ya shiga bin mutane yana tambayarsu tsofaffin hukunce-hukuncen Baba. Ya zauna da masu kasa kaya, ya hau benaye wurin tsofaffin ɗalibai. Me aka kawo? Me Baba ya ce? Don me ya ce haka? Allah ya ba shi kai mai riƙo, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Kafin shekara ta zagayo ya san hukuncin Ya'ƙub fiye da Ya'ƙub, har ya sa wa kowanne suna da sunan masu shi, kamar yadda ake yi a kotu. Wanda ya fi yawan ambata shi ne Bakri da Hamad.

Tsohuwar rigima ce. Hamad yana kasa takalma a inuwar wani bene, wuri mai kyau, inda masu sauka daga mota ke bi. Mahaifinsa ya kwanta ciwo a Kosti, can Sudan, ya tafi jinya, ya daɗe. Bakri, mai sayar da safa da huluna, ya shimfiɗa kayansa a wurin. Da Hamad ya dawo aka zo gaban Ya'ƙub, ya ce, “Wanda kwaɗayi ya tayar, ya tashi. Wanda larura ta tayar, yana nan zaune ko ba ku gan shi ba.” Bakri ya naɗe tabarmarsa ya koma can kusa da juji, yana gunaguni, amma ya koma.

Sannu a hankali sai benci ya fara sauya. Masu cin nama ba su ragu ba. Masu rigima ne suka ragu. Ɗalibi ya fi jin sauƙin tare Barista a matakalar masallaci ya ce ga abin da ya faru, shi kuma ya ce, “Wannan ai an taɓa yin irinta, ga abin da Baba ya ce.” Shi ke nan, magana ta mutu a nan. Abin da ya fi ci wa Ya'ƙub rai shi ne godiyar. Sai ka ga samari biyu sun zo suna fara'a.

“Baba, mun gode da hukuncin nan.”

“Wane hukunci?”

“Na tukunyar gas. Barista ya ce ka taɓa yanke irinta, mun bi, yanzu lafiya lau.”

“Ma sha Allah,” in ji shi, yana fifita wuta da ƙarfin da ba ta buƙata.

Waɗanda suka ƙaraso gabansa ma sun zo da amsar a aljihu. In ya yi shirunsa, babu mai daina tauna. Wani na duba waya, wani na satar kallon Abdurrahim yana murmushi, kamar masu sauraron tatsuniyar da suka haddace. In ya buɗe baki ya faɗi abin da aka riga aka ce zai faɗa, sai kawuna su juya wajen dogon Bazazzagen, a ce, “Ka gani? Barista ya faɗa.”

Mai gashi ya san ba wuta mai harshe ke ƙona nama ba, ta ƙarƙashin toka ce. Ya'ƙub bai taɓa yi wa Abdurrahim tsawa ba. Sai dai tsinken da ya fi jijiya ya riƙa faɗawa a takardarsa. Yajinsa ya ragu. Sunan Barista ya koma Aku. “Ku matsa wa Aku ya zauna, yau me ka haddace?” Abdurrahim ya ɗauka wasa ne irin na kaka da jika, ya riƙa ramawa da cewa ai aku ba ya maimaita maganar banza. Wata yamma muna zaune mu biyu, Ya'ƙub ya hango shi a tsallaken titi, ɗalibai sun kewaye shi, yana ɗaga yatsa yana bayani.

“Dube shi,” ya ce. “Ni na haifi maganar, shi ke yawo da ita a kafaɗa kamar ɗansa. Ko irin tsayuwar da nake yi kafin in faɗi ta ƙarshe, ita yake yi.”

Na ce ai sunanka yake ambata.

“Ana ambatar sunan mamaci ma.”

A cikin wannan hali rigimar Bakhita da Awadiyya ta taso. Bakhita tsohuwar mai shayi ce, ta shekara da shekaru a gindin wata bishiya a bakin tasha, da ƙaramin murhunta da kwalaben kanumfari da kirfa da na'ana'a a jere. A bazarar 2013 aka aiko mata cewa ɓarin jikin mahaifiyarta ya shanye a Sinnar, can Sudan. Ta kira Awadiyya, wata ƙaramar bazawara daga unguwar Arba wa Nus mai 'ya'ya ƙanana, ta ce ki riƙe mini wurin kafin in dawo. Tsohuwar ba ta warke ba, ba ta kuma mutu da wuri ba. Bakhita ba ta dawo ba sai da shekara ta wuce da watanni. Ta tarar Awadiyya ta kafu, ta ƙara gahawa da fanken da suke kira zalabiya, direbobi sun saba da hannunta, 'ya'yanta sun shiga makaranta da abin da bishiyar nan ke bayarwa. Awadiyya ta ce ba ta tashi.

Tun kafin a zo gaban Ya'ƙub labari ya riga su. Wani direba yana sayen nama ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, “Ammu, an ce gobe za ka mayar wa Hajja Bakhita wurinta.”

“Wa ya ce?”

“Barista mana. Ya ce Bakri da Hamad ce sak, ko gashi ɗaya ba bambanci.”

Kashegari bayan la'asar aka cika. Matan biyu suka zauna a benci ɗaya, kowace ta ja mayafinta gefe don kada ya taɓa na ɗaya. Awadiyya ta yi magana tana kuka, ta lissafa safiyoyin sanyi da ta fito, da ranakun dokar hana fita da ta riƙa tattara kaya a guje. Bakhita ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce, “Ya Hajj, uwata na je na juya a kan gado. Ba Dubai na je sayayya ba.” Sai Ya'ƙub ya lura da abin da ke gefen ƙafarta. Ta zo da murhunta da ƙananan kujerunta a ɗaure da igiya, daga nan sai gindin bishiya. Ba hukunci ta zo ji ba, sa hannu ta zo karɓa.

Ya yi shiru. Ya ɗaga ido ya ga Abdurrahim a tsaye a bayan mutane, ya harɗe hannu, leɓensa na motsi kaɗan, kamar mai bin liman karatu.

“Awadiyya ta zauna a wurinta,” in ji Ya'ƙub. “Bakhita ta nemi wata inuwar.”

Shirun da ya biyo baya ya fi duk wanda ya taɓa samu. Na ga fuskarsa ta yi haske na ɗan lokaci, kamar wanda ya sha ruwa bayan doguwar tafiya.

“Baba,” in ji Abdurrahim a hankali, “to Bakri da Hamad fa?”

“Bakhita ta daɗe.”

“Hamad ma ya daɗe.”

“Waccan takalma ce, wannan shayi. Ko a littafinku takalmi da shayi ɗaya ne?”

Babu wanda ya yi dariya. Bakhita ta miƙe, ta ɗora kujerunta a ka, ta dubi Ya'ƙub ta ce, “Allah ya ga wanda ya je jinya.” Ta tafi ba ta taɓa naman sulhu ba.

Magana zarar bunu ce. Kwana biyu ba a yi ba Hamad ya fito da safe ya tarar da safa da huluna a shimfiɗe a inuwar benensa, Bakri na zaune a kai yana shan shayi. Bakri ya ce shekarun da ya yi yana shaƙar juji sun isa, tunda yanzu wanda ya zauna shi ke da wuri. Aka kai ga cin kwala, takalma suka watsu a titi. A gidajen ɗalibai ma tsofaffin rigingimu suka farka ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka hana ɗaki mai baranda bara ya ce a sake zama, wataƙila yau Baba ya tashi ta ɗaya gefen. Suka yi ta zuwa, benci ya cika fiye da kowane lokaci. Ya'ƙub ya samu abin da yake nema, kowa na jiran bakinsa, babu wanda ya san ina zai faɗi. Amma idanun da ke kallonsa sun sauya. A da idanun masu neman gaskiya ne, yanzu na masu caca.

Abin da ya karya shi ƙarami ne. Wata mai sayar da kisra, wato wainar dawar Sudan mai faɗi, ta tsaya sayen nama. Ya ce ya ji mahaifinta ba lafiya, yaushe za ta tafi? Ta ce, “In tafi in dawo in tarar da wa, Ammu? Na aika da magani.” Ta karɓi ƙunshinta ta wuce. Ya bi ta da kallo har naman da ke kan wuta ya yi baƙi.

Abdurrahim ya ɗauke ƙafa tun ranar hukuncin. Da yammar wata Alhamis sai ga shi, ya zauna a ƙarshen benci, ya jira mutane suka ragu.

“Baba, na zo da mafita.”

“Aku ya zo da sabon karatu.”

“Ka ji dai. A wurinmu alƙali na iya kauce wa hukuncin baya in ya nuna shari'un biyu sun bambanta a abin da ke da muhimmanci. Ba takalmi da shayi ba, wannan ko kai ka san yaji ne. Amma Awadiyya ta ƙara wa wurin daraja, ta kawo gahawa, ta kawo sababbin masu saye. Bakri bai ƙara komai ba. Ka ce a kan wannan ka tsaya. Hamad ya koma wurinsa, Awadiyya ta zauna, maganarka ta farko da ta biyu duk su rayu. Ni zan bi gida gida in bayyana.”

Ya'ƙub ya dube shi. Mafita ce mai kyau, ɗinkin da ba a ganin zare. Kuma ya hango yadda za ta kasance. Gobe unguwa duka za ta ce Baba ya faɗa rami, Barista ya miƙa masa igiya.

“Kai za ka bi gida gida.”

“In ka yarda.”

“To in alƙalin ba don haka ya yanke ba fa? In gahawar ba ta ko zo masa a rai ba?”

Abdurrahim ya cire tabarau ya goge. “Sai kotun da ta fi shi ta rushe hukuncin. In kuwa shi ne ƙarshe, babu kowa a samansa, to shi kaɗai zai iya cewa ya yi kuskure. Ba su cika so ba. Wasu sai sun yi shekaru suna kewaye-kewaye.”

“Ni ba ni da shekarun. Tashi ka ba ni wuri, igiyarka ta yi maka amfani.”

Har yau ban san ko tsoron Allah ne ya fi yawa a abin da ya yi kashegari ba, ko ƙin karɓar taimako daga hannun nan. Ina jin shi ma bai sani ba. Bayan sallar Juma'a ya aika aka kira kowa, matan biyu da Bakri da Hamad. Bai kunna wuta ba. Bai yi shirun nan nasa ba, yana tsaye ya fara.

“Abin da na faɗa a kan Hamad shi ne daidai. Wanda larura ta tayar yana nan zaune. Abin da na faɗa a kan Bakhita kuskure ne, kuma ba kuskuren rashin sani ba ne. Bakri, kwashe safarka. Hajja Bakhita, bishiyarki na jiranki, ki yafe mini.”

Bakri ya ce shi dama ya san ƙarshenta juji. Bakhita ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, muryarta ba zafi ba sanyi. Awadiyya ce ta miƙe.

“Kawu, ka ɗora ni ka sauke ni. Na gaya wa 'ya'yana mun samu wuri. Ashe kai da wannan mai tabarau kuke kokawa, ni ce ƙasar da kuke faɗawa a kai?”

Bai musa ba. Ya ce wurinsa ba ya aiki daga asuba har la'asar, ta kawo murhunta nan, benci biyun ma nata ne. Ta dube shi, ta dubi lungun, wanda ba ya kan hanyar direbobi. Ta karɓa, don ba ta da wani. Daga ranar sallama kaɗai ke haɗa su. Kullum kafin ya iso ta share wurin tas ta tafi, ko kofin shayi ba ta taɓa bar masa ba.

Unguwa ta lafa. Mai kisra ta tafi ta ga mahaifinta, ta dawo ta tarar da wurinta. Amma benci ya koma yadda yake kafin rigimar, har ya fi. Da bakinsa Ya'ƙub ya shaida cewa maganarsa ta jiya ta fi ƙarfin son ransa na yau, to me zai sa mutum ya sha hayaƙi yana jira, alhali maganar jiyan tana hannun kowa?

A bazarar 2015 Abdurrahim ya gama karatu. Ya zo sallama da turare a ƙunshi, ya durƙusa, ya ce duk abin da ya koya a Masar rabinsa a bencin nan ne. Ya'ƙub ya zaɓo masa tsoka zalla, ya cika yaji, ya yi masa addu'a mai tsawo. Da motar da ta ɗauke shi ta ɓace sai na ga ya gyara zaman hularsa, ya jawo benci gaba kaɗan, kamar mai shirin baƙi.

Baƙin ba su zo ba. Aku ya tafi ya bar 'ya'ya. Ɗaliban da ba su taɓa shiga ajin lauya ba sun iya cewa wannan tsinke ne, wannan yaji. Sai ka ji su suna wucewa ta gaban murhu suna gardama, ɗaya na cewa ai Bakhita da Awadiyya ta rufe wannan maganar, ɗaya na cewa a'a, tamu daban ce. Su gaishe shi da ladabi, su sayi nama, su ƙarasa shari'arsu a hanya. Cikin duk abin da ya yanke a rayuwarsa, wadda ya faɗi a cikinta ita aka fi ambata.

Sai da kaka ta shigo wasu ɗalibai biyu suka zo suka zauna ba su sayi komai ba. Harun, wani Bakatsine, da abokin zamansa Hasan. Harun ya dasa yakuwa da barkono a cikin gwangwanaye a barandar Hasan, da izininsa, da irin da ya zo da shi daga gida. Hasan ne ke ba su ruwa, domin ta ɗakinsa ake bi. Yanzu Harun zai sauya gida, ya ce shukarsa ce. Hasan ya ce in ba don ruwansa ba da tuni sun zama kara.

“Kun tambayi manyan malaman unguwa?” in ji Ya'ƙub, bai ɗago ba.

“Mun zagaya, Baba. Kowa ya ce ba a taɓa yin irinta ba.”

Ya ajiye mafici. Ya sa suka sake faɗa tun daga farko, ya tambayi wa ya sayo ƙasar, wa ya huda gwangwanayen, ko an taɓa tsinka an yi miya, wa da wa suka sha. Amsa ta zo masa tun kafin su gama, na gan ta a idonsa. Da a da ne da tuni ya goge hannu ya faɗe ta. Amma ya zauna yana juya ta, domin yanzu ya san duk abin da ya fita daga bakin nan zai yi ƙafa, ya hau benaye, ya shiga gidajen da shi ba zai taɓa shiga ba, ya raba mutanen da ba a haifa ba tukuna, kuma ba zai dawo ya gaishe shi ba.

“Ku dawo gobe bayan la'asar,” ya ce.

Suka miƙe. Sun kai bakin lungu ya ɗaga murya.

“Kai, Harun! Kafin goben nan kada in ji kun tambayi kowa.”